Masu sauraron wa'azi ne suka tare ƙofa

An rubuto wannan ne daga faifan wata lacca a kan masu naƙasa da iyalansu a ikilisiya, da aka yi wa fastoci, dattawan ikilisiya da malaman makarantar Lahadi. An rage maimaici kaɗan.

Iyayena fastoci, dattawa, iyaye mata, 'yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Ubangiji. Na baya kuna ji na? To, madalla.

Mu buɗe Markus sura 2. Yesu yana cikin wani gida a Kafarnahum, jama'a sun cika maƙil har bakin ƙofa. Sai ga mutum huɗu ɗauke da shanyayye. Ƙarshen labarin kowa ya sani, sun hau sama, sun buɗe rufi, sun zura shi ƙasa. Ni tambayata ita ce, wa ya hana su bi ta ƙofa? Ba sojan Roma ba ne. Masu sauraron wa'azi ne, mutanen kirki irinmu, kowa ya juya wa ƙofa baya yana jin Maganar Allah. Babu wanda ya ce kada ku shigo. Matsawa ce kawai ba wanda ya yi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2022, mutum wajen biliyan 1.3 ne ke rayuwa da naƙasa mai tsanani, wato kusan ɗaya cikin shida. To ku yi lissafi da kanku. Ikilisiyar da take tara mutum 300, ya kamata a ga wajen 50. Na san ba kowace lalura ido ke gani ba. Amma idan ka duba ranar Lahadi ba keken guragu ko ɗaya, ba mai sanda, ba kurma, kada ka ce Allah ya kare mu. Suna nan, suna gida.

Kuma ba su kaɗai suke zama a gida ba, nan ne nake so in daɗe. Yaro yana da farfaɗiya, ko kuma irin yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya, yakan yi ihu ana tsakiyar addu'a. Lahadi ta farko aka waiwayo aka kalli uwar. Ta biyu wani ya raɗa mata ta fita da shi waje. Ta uku ba ta zo ba. Daga nan mijin ya riƙa zuwa shi kaɗai, can shi ma ya daina, yayyen yaron suka ɓace daga makarantar Lahadi. Gida guda ya tafi, mu kuma muka rubuta su cikin waɗanda suka ja da baya. Wannan matar shekara nawa ba ta yi barcin kirki ba? Wa ya tambaye ta?

Abin da ya fi kallon ciwo shi ne tambayar da ke bayansa: me suka yi? Tsohuwar tambaya ce. A Yohanna sura 9 almajirai da kansu suka yi ta a kan mutumin da aka haifa makaho, ko shi ne ya yi zunubi ko iyayensa. Yesu ya ce ba shi ba, ba su ba. Ya rufe maganar, mu ne muke ta sake buɗe ta. Ina ba da gaskiya ga addu'ar warkarwa, kada a fita a ce na hana. Amma a jawo gurgu gaban taro, a yi ta ihu a kansa, in bai tashi ba a ce bangaskiyarsa ce ta kasa, wannan zalunci ne. Manzo Bulus sau uku ya roƙi Ubangiji a cire masa ƙaya daga jiki, wato wata wahala da ke damunsa, ba a cire ba. Wa zai ce Bulus ba shi da bangaskiya?

Batun gini ba zan ɗau lokaci ba. Gangarar keke tana da ma'auni: in tudun taku 1 ne, tsawonta ya kai taku 12. Wadda ta fi haka tsayuwa ado ce kawai, hatsari ce ma. Ku auna ƙofar bayan gida kuma, ita ake mantawa.

Na kurame ya fi wuya, domin maganar hannu harshe ne cikakke, sai an zauna an koya. Andrew Foster, kurma ne baƙar fata ɗan Amurka, ya zo Ghana a 1957 ya buɗe makarantar kurame, kafin rasuwarsa a 1987 ya kafa makarantu sama da 30 a ƙasashen Afirka. Kurma ne ya yi wannan aiki, ba mai ji ba. Rubutun makafi mai ɗigo 6 da ake karanta Littafi Mai Tsarki da shi, yaro makaho ne ɗan Faransa, Louis Braille, ya tsara shi yana ɗan shekara 15. Don haka idan makauniya tana da murya, a sa ta cikin mawaƙa. Mai keke ya iya lissafi, a ba shi littafin baiko, wato na kuɗin da ake bayarwa a ikilisiya. 1 Korintiyawa 12 ta ce gaɓoɓin da ake gani kamar raunana, su ne ba a iya yi sai da su.

Ga abin da nake roƙo kafin Lahadi mai zuwa. Kowane dattijo a nan ya san aƙalla gida ɗaya. Ku je, ku biyu. Kada ku je da wa'azi. Ku gai da yaron da sunansa, shi kansa, ba ta bakin uwarsa ba. Sannan ku tambaye ta wace rana ce wata daga cikin mata za ta zo ta zauna da shi awa biyu, a nuna mata yadda ake ba shi magani da abin da ake yi idan ciwon ya tashi.

Na ga ana nuna mini agogo. Baba, na ga hannunka tun ɗazu, a miƙa masa makirufo.