Outlook na cewa akwai sabon saƙo, kun duba babu

Assalamu alaikum ƴan uwa. Wannan matsala tana damun masu aikin ofis da ƴan kasuwa a nan Maradi: manhajar imel ta kwamfuta, Outlook ko Thunderbird, tana nuna saƙo 3 ba a karanta ba, kun bincika ko'ina ba ku ga ko ɗaya ba.

Kafin ku taɓa komai, ku buɗe akwatin imel ɗinku a burauza, misali shafin Gmail, ku rubuta is:unread a wurin bincike. Idan saƙonnin sun fito, to lambar gaskiya ta faɗa, sun ɓuya ne a wata jaka ko cikin tsofaffin wasiƙu. Idan babu, matsalar tana kwamfutarku.

Manhajar ba ta ƙirga saƙonni daga intanet kowane lokaci. Tana da nata ƙaramin fayil na lissafi, kamar littafin mai shago: kaya na nan lafiya a sito, littafin ne ya rikice. Ɗaukewar wuta ko yankewar rezo ana tsakiyar saukar da saƙo sun isa su jawo haka.

A Thunderbird sunan fayil ɗin yana ƙarewa da .msf. Ku danna jakar da ke nuna lambar da maɓallin dama na linzamin kwamfuta, ku shiga Propriétés, ku zaɓi Réparer le dossier, zai sake ƙirgawa daga farko.

A Outlook ma ku shiga Propriétés na jakar. Akwai zaɓi biyu: nuna waɗanda ba a karanta ba, ko nuna jimillar saƙonni. Wani lokaci na biyun ne aka zaɓa bisa kuskure, sai ku mayar da shi na farkon.

Sai ku duba irin haɗin akwatin, wato hanyar da manhajar ke bi ta ɗauko saƙonni: IMAP ko POP3. IMAP yana daidaita alamar "an karanta" tsakanin waya da kwamfuta. POP3 ba ya yi, don haka abin da kuka karanta a waya zai zauna sabo a kwamfuta.

A nan nake roƙonku ku yi hattara. Za ku ji ana cewa a goge fayil ɗin Outlook ya sake gina kansa. Wannan shawarar ta fayil mai ƙarewa da .ost ce kawai, shi ma sai an rufe manhajar kuma an ajiye kwafi. Fayil mai ƙarewa da .pst kuwa, wataƙila shi kaɗai ke riƙe da wasiƙunku na shekaru, har da takardun ciniki. Kada ku goge shi. Ku kwafe shi a wani wuri, sannan ku gyara shi da scanpst.exe, ƙaramar manhajar gyara da ke zuwa tare da Outlook.