Amsoshin Tambayoyinku: Gadar ƙarfen da ake ɗauka a kafaɗa

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Wasiƙarmu ta farko daga unguwar Ƙofar Ƙaura ta fito, a nan birnin Katsina. Mai wasiƙar ya ce marigayi kakansa ya je yaƙin Bama, kuma yakan ba su labarin wata gadar ƙarfe da sojoji ke ɗauka da hannu su kafa cikin dare ɗaya. Yana tambaya, gaskiya ne ko hirar tsofaffi ce?

Malam, Allah Ya jiƙan tsoho, bai ƙara gishiri ba. Gadar Bailey ke nan, sunan Donald Bailey ta ci, wani injiniya ɗan Ingila da ya tsara ta a 1940 zuwa 1941. Gunduwa-gunduwa ake ƙero ta. Kowane ɓangare tsawonsa ƙafa 10, tsayinsa ƙafa 5, nauyinsa wajen kilo 260, don haka mutum shida ke cicciɓarsa. A bakin kogi ake harhaɗawa da manyan ƙusoshi, a ɗora bisa ƙarafa masu mirginawa, a yi ta turawa har hancinta ya dafa wancan ƙetaren. Ba injin ɗaga kaya, sai ƙarfin ƙato. Gajera kam sa'o'i kaɗan sun ishe ta, amma wadda aka shimfiɗa bisa kogin Chindwin a Kalewa, can ƙasar Bama, a Disamban 1944, ta kai ƙafa 1,154, kuma kan kwale-kwale take zaune, wannan ba aikin dare ɗaya ba ne.

Ni dai abin da ya fi burge ni ma ba gadar ba ce. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda 'yan Arewa ke da yawa a cikinta, ta sare hanyar jif sama da mil 70 a dajin tsaunuka zuwa kwarin kogin Kaladan a ƙasar Bama, daga ƙarshen 1943 zuwa farkon 1944. Yawancin aikin da adda da diga da shebur aka yi shi. Mutumin da ya tashi da fartanya a hannu, me za a koya masa a nan?

Sai wata baiwar Allah daga Daura, tana tambayar amfanin ramin da ake haƙawa a bayan ganuwa. Hajiya, jifa ɗaya tsuntsu biyu: ƙasar da aka kwaso ta tafi ginin ganuwa, ramin kuma a bar ƙaya ta cika shi, doki ya zo ya ja tunga.