Tantabarar da ba ta da fuffuke: wasan harbin faifai da yadda yake tara jama'a

Assalamu alaikum jama'ar Damagaram, ƴan Birni, ƴan Zango, ƴan Sabon Gari, da ku da ke kallonmu daga Mirya ko Magarya ko Matamai, barkanmu da warhaka. Ku ɗan duba wannan abin da ke fitowa a allo, wannan ɗan faifan mai ruwan lemo kamar murfin ƙaramin kwano. Faɗinsa santimita 11 ne, nauyinsa wajen giram 105, a tafin hannu ɗaya za ka riƙe shi. To wannan abin mutanen Ingila tantabara suke ce masa. E, tantabara, wai tantabarar yumɓu. Ba fuffuke ba baki ba gashi, kuma in ka bi diddigi ma ba yumɓu ba ne irin wanda ake gina tulu da shi a Mirya, garin dutsen alli ne ake kwaɓawa da kwalta a matse a inji. Da gangan aka yi shi haka, yana da ƙwarin da inji zai cilla shi sama bai fashe ba amma da zarar ƙwayar harsashi biyu uku sun taɓa shi sai ya tarwatse.

To me ya kawo sunan tantabara? Nan ne labarin ya taɓa ni, don ni tun ina yaro akwai ɗakin tantabaru a gidanmu, na san kowace da abokin zamanta. A Ingila a shekarun 1800 masu hali suna da wani wasa, a kamo tantabaru masu rai a zuba kowace cikin akwati, a ɗaura igiya a murfin, maharbi ya tsaya nesa kaɗan da bindigarsa, in ya shirya sai ya ce da yaron da ke riƙe da igiya ja, yaro ya ja murfi ya buɗe tsuntsuwa ta tashi a harbe ta. Ba don yunwa ba ba don miya ba, don a ƙirga wa ya fi kashewa kawai. Kalmar nan ta ja da turancinsu pul ce, kuma har yau ɗin nan a filaye da yawa a duniya ita maharbi yake faɗa kafin faifai ya fito, ko da yake babu igiya, sau da yawa ma na'ura ce ke jin muryarsa ta saki. Abin har ya shiga wasannin Olamfik da aka yi a Paris a 1900, aka kashe tantabaru kusan 300, wani ɗan Beljiyam Léon de Lunden ya zo na ɗaya da guda 21. Fili ya cika da jini da gashi, daga nan ba a sake yi a Olamfik ba, Ingila kuma ta kafa doka ta hana a 1921.

Amma tun kafin dokar mutane sun fara neman abin da zai maye gurbin tsuntsun. Aka fara da ƙwallon gilashi, wasu har gashin tsuntsu suke cusawa ciki don in ya fashe a ga gashi na tashi. Wani gwanin harbi a Amurka mai suna Adam Bogardus ya ƙera injin cilla ƙwallon a 1877, shi ya sa ma in kun lura Faransawa har yanzu bal-tirap suke kiran wasan, daga ƙwallon nan ne sunan ya samo asali. Matsalar gilashi kun santa, fili ya cika da fasassun kwalabe, dabba ba ta kiwo mutum ba ya takawa. Sai a 1880 wani mutumin Sinsinati can Amurka, George Ligowsky, ya fito da faifan yumɓu da aka gasa, mai tafiya a iska kwance kamar tsuntsu na gudu. Shi ke nan wasa ya canza.

Bon, yaya ake yinsa? Iri uku ne manya. Na farko tirap, shi ne tsoho. A na Olamfik akwai rami mai tsawo gaban maharba da nisan mita 15, cikinsa inji 15, uku uku gaban kowane wurin tsayuwa guda biyar. Ka ce pul faifai ya fito yana gudu ya bar ka, gudun ya wuce kilomita 100 a awa, kuma ba ka san dama zai yi ko hagu ko tsakiya ba. Abin da kake da shi bai kai ƙiftawar ido biyu ba. Na biyu sikit, shi kuma ɗakuna biyu ne suna kallon juna, ɗaya dogo ɗaya gajere, faifai na fitowa daga nan da can suna gittawa, kai kana zagaya wuraren tsayuwa takwas. A jihar Masacusets ta Amurka aka ƙirƙiro shi wajen 1920, wasu mafarauta ne ke son su riƙa motsa hannu lokacin da ba a farauta. Ana ba da labarin da farko da'ira ce cikakkiya suke zagayawa kamar agogo, sai maƙwabcinsu ya kafa gidan kaji a gefe, dole suka raba da'irar biyu don kada harsashi ya riƙa sauka kan kajin mutane. Sunan sikit ɗin a 1926 aka raɗa shi, shekarar da Faransawa suka ɗauke babban birni daga nan Zinder suka kai Yamai. Na ukun kuma shi ne wanda ƴan sha'awa suka fi so, ana tafiya ne cikin fili daga wuri zuwa wuri kamar an fita farauta, nan faifai ya zo ta saman kanka kamar kurciya, can wani ya taho yana birgima a ƙasa yana tsalle, shi wannan zomo suke ce masa. Kowane zagaye a tirap da sikit faifai 25 ne.

Bindigar ba irin ta soja ba ce fa, mai baki biyu ce ɗaya bisa ɗaya, tana karyewa a tsakiya a sa harsashi biyu kacal. Cikin harsashin ƙananan ƙwayoyin dalma ne ɗaruruwa kamar ƙwayar gero, a Olamfik ba a yarda nauyinsu ya wuce giram 24 ba, in sun fita sai su bazu. Wani zai ce to ai da sauƙi ke nan tunda bazuwa suke. Wallahi ba sauƙi. Duk wanda ya taɓa riƙe danƙo yana yaro, ya bi kurciya a bayan gari ko tsakanin duwatsun Birni, ya san in tsuntsu na tafiya ka auna shi daidai inda yake to ka yi asarar dutsenka, kafin dutse ya isa ya wuce. Gabansa ake aunawa, inda zai je. Kamar mai ba da fas a ƙwallo, ba ƙafar ɗan wasa yake ba wa ba, filin da ke gabansa yake ba wa. Haka nan ma, ido na kan faifai ba kan bakin bindiga ba, kumatu manne da itacen, gindinta zaune daram a kafaɗa, jiki na juyawa tare da faifan, kuma ko ka danna kunama ba ka tsayawa, ka ci gaba da juyawar. Mafi yawan sababbin shiga bayan faifai suke harbi saboda suna tsayar da hannu daidai lokacin dannawa.

Yanzu ga abin da ya sa na yi wannan wideyo ɗin gaba ɗaya. In ka ji harbi sai ka ɗauka wasan mutum ɗaya ne mai fushi, alhali yawancin masu yinsa zaman ne ke kai su. A tirap mutum shida ake jerawa, ɗaya ya harba ya matsa na gaba ya harba, ana zagayawa, lokacin da wani ke shirin kira kowa tsit yake yi, in ya fasa mai wuya a jinjina masa, in ya kuskure na kusa da shi zai ce masa a hankali bayansa ka bi, ƙara gaba kaɗan. Zagayen ba ya daɗewa, sauran yinin duk hira ce da shayi da cin abinci da gardamar wa ya fi wa. To ku gaya mini wannan ba fada ba ce? Mu nan mun fi kowa sanin wannan, a shimfiɗa tabarma a ɗora butar shayi kan gawayi, na farko na biyu na uku, ai ba shayin kaɗai ke zaunar da mutum awa uku ba. A Ingila ƙungiyar masu wasan tun 1928 take, kulob kulob ne a ƙauyuka, ranar Lahadi manomi da likita da makanike su haɗu layi ɗaya. A Faransa ƙungiyoyin mafarauta na ƙauye kan shirya bal-tirap lokacin bikin gari, a gasa nama, wanda ya ci a ba shi kyauta. Wasu ma taron neman taimako suke haɗawa da shi, kowa ya biya kuɗin shiga a tara a kai wa mabuƙata.

Kuma abin da ya fi burge ni, ba ya zaɓen shekaru ko ƙarfin ƙirji. Kokowa in ka wuce lokacinka ka wuce, sai dai ka zauna gefe ka ba da shawara, nan kuwa kaka da jika suna iya tsayawa layi ɗaya. Abdullah Al-Rashidi na Kuwait yana da shekara kusan 58 ya ci tagulla a sikit a Olamfik na Tokiyo. Mace ma haka, a Basalona a 1992 lokacin maza da mata tare suke gasar sikit, wata ƴar Sin Zhang Shan ta doke mazan duka ta ɗauki zinare. Kim Rhode ta Amurka Olamfik shida a jere tana dawowa da lamba, daga 1996 har 2016. Ga Adriana Ruano ta Gwatemala, da wasan tsalle-tsalle take yi ta ji ciwo a baya, ta koma harbin faifai, a 2024 ta kawo wa ƙasarta zinaren Olamfik na farko a tarihinta. Mu da muka san yadda gari ya ɗauka ranar da ɗan wasan tekwandon Nijar Alfaga ya ciyo azurfa a Riyo a 2016, mun san me lamba ɗaya take nufi ga ƙasa. Larabawa ma ba a bar su baya ba, Ahmed Al Maktoum na Dubai ya ci zinare a Atina a 2004.

To amma duk wannan raha tana tsaye ne kan doka mai tsauri, kuma ina so ƙannena matasa ku buɗe kunne nan. A filin nan ba ka taɓa ganin mutum na yawo da bindiga a rufe, kullum a karye take a buɗe kowa na ganin babu komai ciki. Ba ka sa harsashi sai ka taka wurin tsayuwarka kuma layi ya zo kanka. Bakinta ba ya kallon mutum ko da wasa, ko ka rantse babu harsashi. Kunne a toshe saboda ƙarar tana kashe ji a hankali kuma in ya tafi ba ya dawowa, ido da tabarau saboda ɓaraguzan faifai. Wanda ya karya ɗaya daga ciki alƙalin fili zai fitar da shi ko shi wane ne. Wannan ladabin ne ya sa baƙo da baƙo ke iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa kowa da makami hankali kwance.

Gaskiya kuma wasa ne mai cin kuɗi, kowane faifai fashewa yake kowane harsashi sau ɗaya ne, bindigogin Italiya irin su Beretta da Perazzi kuwa wata ta fi kuɗin mota. Dalmar da ke zuba a ƙasa ma guba ce, shi ya sa wasu filayen suka koma ƙwayar ƙarfe. Sannan mu nan Nijar riƙe bindiga sai da izinin hukuma, da halin tsaron da muke ciki kuwa kada wani ya kalli wideyon nan ya je ya ɗauko ta gargajiya ya ce zai gwada a bayan gari, wallahi ba abin da nake nufi ke nan ba, kuma haɗari ne gare ka da mai kiwo da ke wucewa.

Abin da nake so mu gani shi ne mu ba baƙin wannan fanni ba ne. Sarki Tanimun da ya rasu a 1884 har igwa ake ƙera masa a garin nan, ƴan bindigar Sarki har gobe suna cika gari da ƙara ranar hawan salla, maharbanmu kuma suna da ido da haƙurin da ba a koya a lakol. Sai dai dajin ya ragu, tsofaffi za su gaya maka inda da suke ganin barewa da zabin daji yanzu gona ce ko fako, abin da ya saura sai can wajen Tarmit inda aka keɓe tun 2012. In wata rana aka samu fili mai izini mai malamai, ko a Yamai ko a nan, inda yaron da ya iya danƙo zai gwada idonsa kan faifan alli kurciya ta ci gaba da kukanta a kan bishiya, ni dai ina cikin masu zuwa kallo, da butar shayina.

Kafin nan ga wani abu da za ku gwada yau da dare a fada ba bindiga ba ko dala, shi ne abu na farko da malamin harbi ke dubawa ga sabon ɗalibi. Kusan kowane mutum akwai idon da ya fi rinjaye a cikin biyun. Miƙa hannunka, ido biyu a buɗe, ka nuna wani abu mai nisa da ɗan yatsa, misali fitilar kan titi. Kada ka motsa hannun, rufe idon hagu ka duba, buɗe shi ka rufe na dama. Idon da in shi ne a buɗe yatsanka ya tsaya cak kan fitilar, shi ne mai rinjayen. Za ku tarar a cikinku akwai wanda da dama yake cin tuwo amma idonsa na hagu ne ke mulki, irin wannan a filin harbi sau da yawa kafaɗar hagu ake koya masa ya ɗora bindiga. Ku gwada ku ƙirga mutum nawa ne a fadarku.