Yadda ɗan sanda ke auna ƙarfin da zai yi amfani da shi

Shugaba, iyayenmu, 'yan uwa maza da mata, assalamu alaikum.

Ɗan sanda yana auna ƙarfi ne da abin da idonsa ya gani a wannan daƙiƙa, kuma doka a wurare da dama ta yarda masa da hakan. A Amurka, Kotun Ƙoli ta yanke a 1989, a shari'ar Graham da Connor, cewa a duba girman laifin, da ko mutum na da haɗari nan take, da ko yana turjiya ko neman gudu. Shi ya sa hannunka yake kallo. Idan aka tsayar da kai a mota, ka kashe inji, ka sauke gilashi, ka ɗora hannu biyu kan sitiyari. Kafin ka ɗauko lasisi, ka faɗa masa inda yake. Wayar da ka zaro da sauri cikin duhu, shi bai san waya ba ce.

Amma abin yana da iyaka. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1990 sun ce ba a harbin kisa sai in babu wata hanyar ceton rai. Tun 1985 kotun Amurka ta ce gudu kaɗai bai halatta harbi ba.

Inda kan 'yan sanda ya fi rabuwa shi ne bayan an sa ankwa. Wasu na ganin wanda ya wahalar da su ko ya zage su sai ya ɗanɗana kuɗarsa. Wannan ramuwa ce, horo bai koyar da ita ba, domin da turjiya ta tsaya, ƙarfi ma ya tsaya. Mutum a kife, hannu a ɗaure ta baya, ga nauyi a kansa, ƙirjinsa ba ya buɗewa ya shaƙi iska. Ƙa'ida a juya shi kan gefensa ko a zaunar da shi nan da nan. George Floyd, wani baƙar fata Ba'amurke da ya mutu a hannun 'yan sanda, ya fi minti 9 a ƙarƙashin gwiwar wani jami'i a birnin Minneapolis na Amurka a 2020. Sauran jami'ai ukun da ke wurin ma an same su da laifi a 2022, don haka kawaici ga abokin aiki ba ya tsirar da kowa.

Idan an wuce gona da iri a kanku, kada ku yi kokawa a titi. Ku riƙe lambar jami'in da lokaci da wuri, ku je asibiti a ranar a rubuta raunin, ku ɗauki hoto, sannan ku ga lauya kafin ku sa hannu a kowace takarda.

Na gode.