Darasin Girki: Cukun Faransa Gasasshe a Cikin Kwaɓin Fulawa

Assalamu alaikum uwargida da amarya, barkanmu da sake saduwa. Yau abin taɓawa za mu yi, irin wanda ake ajiye wa baƙi su ɗan lasa kafin babban abinci ya sauka. A Faransa da Ingila da Amurka an fi ganinsa a teburin bukukuwan ƙarshen shekara.

Ga cukun a hannuna. Wannan Camembert ne, ɗan yankin Normandi, nauyinsa giram 250, a ɗan akwatin katako yake zuwa. In Brie kika samu, wanda ake yi a gabashin Paris, shi ma daidai ne, sai dai ki nemi ƙarami zagayayye wanda ba a yanka ba. Manyan kantunan Yamai da Abuja sukan kawo su. Kada ki ce za ki musanya da busasshen cukun Nijar ko wagashi, su ba sa narkewa, mu kuwa narkewar muke nema.

Kin ga wannan farin ɓawon mai laushi? Ki bar shi. Ana cinsa, kuma shi ke riƙe cukun idan ya ji wuta. Kika kankare shi, to kin buɗe masa ƙofar tsiyaya.

Sai kwaɓin. Mai shafi-shafi ake so, wanda aka ninka da bota, ana sayar da shi a daskare. Ki duba bayan ledar kafin ki biya, domin wasu kamfanonin Turai sukan sa ɗan sinadarin barasa don kada ya lalace. Ki ɗauki wanda babu.

To, a nan nake so ki saurare ni da kyau. Duk aikin nan sanyi ne ke ɗauke da shi. Botar da ke tsakanin shafukan, idan ta shiga oben da sanyinta, ruwan cikinta zai zama tururi ya ɗaga kwaɓin shafi bayan shafi. Idan kuwa ta narke tun a kan tebur, abin da za ki fitar danƙararre ne mai maiƙo. A zafin ƙasarmu kuwa 'yan mintuna kaɗan sun ishe ta narkewa. Don haka ki fara kunna oben ya kai digiri 200, ki yanka dabinonki, ki fasa ƙwanki, sannan ki ciro kwaɓin da cukun daga firij.

Na shimfiɗa kwaɓin a kan takardar gashi. A tsakiya zan zuba zuma cokali ɗaya, dabino yankakke, da ɗan dakakken kashu. Turawa sukan sa matsin ɓaure da goron walnut, amma ni dabino ya fi kwanta mini, zaƙinsa na tafiya da gishirin cukun. Sai in kifa cukun a kai. Yanzu na tattaro gefunan kamar mai ƙulla ƙunshin goro, na yanke rarar, don in ya yi kauri a wuri ɗaya ba zai gasu ba. Na shafa ƙwai a haɗin, na matse da yatsa sosai. Sai in juya shi, haɗin ya koma ƙasa, dabinon ya dawo sama.

Ji yadda ya fara laushi a hannu? Maza a mayar da shi firij na minti 15. Daga nan a shafe shi da ƙwai ko'ina, a zana samansa da bakin wuƙa, amma a hankali, kada wuƙar ta huda.

Minti 25 zuwa 30 zai yi a oben. Kada ki riƙa buɗe oben kina leƙe. Ki jira sai ya yi ja sosai, ba fari-fari ba.

Ga namu ya fito. Na san hannu zai yi ƙaiƙayi, amma a ba shi minti 10. Kika yanka yanzu, ruwa zai malale a faranti. Mai juna biyu kuma ta zaɓi cukun da aka yi da dafaffiyar madara, ta tabbata tsakiyarsa ya yi zafi sosai.

Bari mu yanka. Kin ji ƙarar ɓawon? Dubi yadda yake gangarowa a hankali. Ki kai shi da ɗuminsa, ki jera yankakken tuffa da gasasshen burodi a gefe, ɗaya zai ishi mutum 6. Sai mun haɗu a shiri na gaba.