Sati biyar da karen Madam a gidana

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da safiya. Yau ba kasuwar Dembe za mu ba, ba kuma bakin kogin Shari ba, muna gida. Ƙarfe shida da rabi ke nan a Ndjamena, hunturu ya sauka sosai, ga hazo nan ya rufe har dogon yaron maƙwabta. Bari in sunkuyar da kyamarar. Kun ga tulin bargon nan da ke kusa da kaskon Hajiya? Ku dube shi da kyau, yana motsi. To kare ne a ciki.

Kafin wani ya ce Chadi ta mayar da ni Nasara, ga yadda aka yi. Madam ɗin da nake tuƙawa a wurin aiki 'yar Italiya ce. Ta tashi tafiya hutun ƙarshen shekara, mai gadinta kuma aka yi masa rasuwa ya wuce Mundu. Ta yi ta roƙona, kunya ta hana ni cewa a'a. Abu ɗaya na nema kafin in ɗauke shi: katin rigakafinsa. Haukan kare ba abin wasa ba ne a garin nan, shi ya sa a 2012 da 2013 aka bi unguwa-unguwa ana yi wa karnuka allura, har aka haura kashi 70 cikin ɗari. Da na ga hatimin likitan dabbobi, sai na sa shi a mota.

Fito mana a gan ka. Yauwa. Ku dubi ƙafafun nan kamar tsinken tsire, ga ƙirji mai zurfi, ga ciki a ɗame. Ranar da na shigo da shi Hajiya ta ce, "Kai, wane marar imani ne ya bar dabba da yunwa haka?" Na ce Hajiya haka Allah ya yi su. Ƙaramin karen farautar Italiya ke nan, a nan da Faransanci ake kiransa petit lévrier italien. Tsayinsa daga ƙasa zuwa kafaɗa bai wuce santimita 32 zuwa 38 ba, nauyinsa wajen kilo 5. Yara suka sa masa Ɗan Barewa, sunan kuma ya bi shi.

Ni mutumin Tawa ne, na san dangin wannan karen tun ina yaro. Dogayen karnukan Buzaye na Azawak, masu bin barewa da zomo, ai siffar ɗaya ce, sai dai wancan ya kusa ninka wannan biyu a tsayi. Dukkansu da ido suke farauta, ba da hanci ba. Abu ya gifta, sun gani, sun tashi. Amma a hali sun yi hannun riga. Karen Buzu yana gadin zango, baƙo ba ya kusantar tanti sai mai shi ya yi magana. Wannan kuwa in aka buga ƙofa zai yi haushi biyu ko uku, sannan ya zagaya ya laɓe bayan zanen uwargida. Wanda ke neman mai gadi ya nemi wani.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne son jikin mutum. Ban taɓa ganin dabba mai naci haka ba. In na zauna shan shayi, yana kan ƙafata. In na tashi alwala, yana bayana sai na kore shi. Uwargida na tsintar shinkafa, ya zo ya jingina da ita. A gidan Madam a kan gadonta yake kwana, cikin bargo, kuma haka masu irinsa da yawa suke yi a Turai. Ita ce ta ba ni labarin wani sarkin Furusiya, Firedirik, da ya rasu a 1786: saboda son waɗannan karnuka ya bar wasiyya a binne shi kusa da su a fadarsa ta Sanssouci da ke Potsdam, a ƙasar Jamus ta yanzu, ba a cika masa ba sai 1991. Da na kwashe labarin na gaya wa Hajiya, cewa ta yi, "Allah ya raba mu da wahala."

To a nan ne muka sha daru. Mu ba ma kwana da kare. Na je na sami malamin unguwarmu. Ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, sai dai in ya sa baki a ƙwarya a wanke ta sau bakwai, kuma izinin ajiye shi ya zo ne a kan farauta da kiwo da gona. Ya ce tunda amana aka ba ni, in ciyar da shi in shayar da shi, amma kada ya shiga ɗakunan da muke kwana muke salla. Sai na gyara masa ɗan shagon nan na kusa da madafa, na shimfiɗa buhu da tsohon bargo. Daren farko ba wanda ya runtsa. Wani irin siririn kuka yake yi kamar jariri, har maƙwabciyarmu ta leƙo da safe tana tambaya ko mun yi baƙuwa mai goyo. Sai da aka yi kwana huɗu, na jefa masa tsohuwar rigata, sannan ya ɗan haƙura. Har yau in na buɗe masa da asuba sai ya yi ta tsalle kamar na dawo daga Makka.

Kun ga yana karkarwa? Gashinsa gajere ne ƙwarai, ba shi da kitse, sanyi na ratsa shi nan take. Amma ba kullum ne ɗari ba. In ya ji daɗi ya yi karkarwa, in ya tsorata ma haka. Ranar da na daka wa babban ɗana tsawa kan ya bar ƙofa a buɗe, karen ne ya wuni a ƙarƙashin benci, yaron ko a jikinsa. Duka kam ba ma a maganarsa. Fitsari ne dai ya gagare mu. In ƙasa ta yi sanyi da safe ba ya son taka ta, sai ya nemi lungu. Madam ma ta gargaɗe ni cewa irinsu sun yi suna a wannan.

Da yara ba shi da matsala ko kaɗan, bai taɓa yi wa kowa gurnani ba. Ni tsorona ma a kansa yake, ba a kansu ba. Autata shekararta uku, so take ta goya shi kamar 'yar tsana. Ƙashin ƙafarsu ta gaba siriri ne, dirowa daga kujera kawai na iya karya shi, musamman suna ƙanana, kuma irin wannan karayar ba ta mai ɗori ba ce, sau da yawa sai an yi tiyata an sa ƙarfe. Don haka doka a gidan nan: wanda zai taɓa Ɗan Barewa ya zauna a ƙasa tukuna. Akwai kuma burushin haƙori da Madam ta haɗo ni da shi, wai haƙoransu na saurin lalacewa. Wannan kam na ce ya jira uwar ɗakinsa.

Sai gudu. Duk ragwancin nan da kuke gani, bari ƙadangare ya gifta. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yana iya kai kusan kilomita 40 a awa, kuma in ya tashi kunnensa ya toshe, kira ba ya dawo da shi. Ranar da aka bar ƙofar nan a buɗe, kazar maƙwabta ya hango. Kafin in sa takalmi an gama. Jaka uku na biya, ko in ce riyal ɗari shida, tunda a nan da riyal ake ƙirge, kowane ɗaya sefa biyar. Tun daga ranar ba ya fita sai da igiya, ita ma a ƙirji nake ɗaura ta, don kansa siriri ne, ta wuya zamewa take yi.

Wani abokina ɗan kasuwa a Kusuri ya gan shi a hoto, ya ce in tambayar masa nawa ake sayarwa, yana so wa yaransa. Na ce Alhaji, gidanka ƙofa a buɗe take wuni, ga kaji, ga awaki, ga yara goma sha, kuma na san ba za ka bar shi ya hau tabarmarka ba. Wannan yana kai shekara 13 zuwa 15 a raye, duk a jikin mutum yake son yin su. In ka ɗaure shi a bayan gida kamar sauran karnuka, ka cuce shi.

Madam na sauka ranar Asabar. Auta ta riga ta ce ba za a mayar da shi ba. Ga Hajiya nan ta fito, bari in kawar da kyamara, ba ta son hoto. Ina kwana, Hajiya? Kun ji ta ko? Wai in janye abina daga kusa da kasko kada ya ƙone. Jiya da hantsi kuwa da idona na ga ta gutsuro ƙosai ta jefa masa, tana cewa ba don shi ba ne, don Allah ne.