An bar jaki ana dukan taiki: allurar HPV da jinkirin al'ada

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci.

Saƙon wata baiwar Allah ne ya tayar da sharhinmu na yau. Matar aure ce matashiya. An yi mata allurar rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke haddasa sankarar bakin mahaifa, sai ga shi ranar al'adarta ta zo ta wuce, shiru kake ji. Sati guda ke nan tana lissafi da yatsu, da ta ji ɗan murɗawa a mara sai ta ruga banɗaki, ba komai. Tambayarta biyu ce: allurar ce ta riƙe jinin, ko ciki ne? In kuwa ciki ne, ta cutar da abin da take ɗauke da shi?

Tambaya ce mai kyau. Abin da ya ɓata mini rai shi ne amsoshin da ta ce ta samu. Wannan ta ce mata ai allurar busar da mahaifa take yi. Waccan ta turo mata saƙon murya na wani da ba a san ko waye ba, yana rantsuwa cewa an shirya ta ne don hana haihuwa. Kowa da fatawarsa. A duk cikinsu babu wadda ta ce mata: je ki yi gwajin ciki. Gwaji, jama'a! Abin da minti biyar ya ishe shi.

Mu duba me ke cikin allurar nan. Babu sinadarin da ke sarrafa al'ada ko haihuwa a cikinta, irin wanda ake samu a magungunan tazarar haihuwa. Babu ma rayayyar ƙwayar cuta. Kwaikwayon ɓawon ƙwayar cutar ne kawai, fanko ba komai a ciki, ana nuna wa garkuwar jiki don ta gane abokiyar gaba tun kafin ta zo. To ta wace hanya fankon ɓawo zai hana ciki shiga, ko ya ɓoye wanda ya riga ya shiga? Ba ya iyawa. Macen da aka yi wa allurar nan za ta iya ɗaukar ciki a wannan watan, kamar kowace mace.

Ita kuwa al'ada, ƙwaƙwalwa ce da ma'ajiyar ƙwai ke tafiyar da ita. Sai ƙwai ya fito, sannan bayan kusan kwana 14 jini ya biyo baya idan ba a samu ciki ba. Duk abin da ya jinkirta fitowar ƙwan ya jinkirta jinin: zazzaɓi, rashin barci, rama ko ƙiba ta farat ɗaya, shayarwa, sauya maganin tazara, har da fargaba ita kanta. Sannan a tuna su wa aka fi yi wa allurar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi mayar da hankali kan 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, daidai shekarun da al'ada ke farawa ke nan, kuma kowace uwa ta san shekaru biyu ko uku na farko ba su da tsari, wata ya zo, wata ya tsallake. Idan aka yi wa miliyoyin yara allura a irin wannan lokaci, dole a samu dubbai da tsallakensu zai faɗo a satin allura. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama.

Ba zan rantse muku cewa babu macen da ta taɓa ganin gocewar kwana ɗaya ko biyu bayan wata allura ba. Jiki ba inji ba ne, ɗan zazzaɓi ma kan taɓa lissafi. Amma sati biyu? Wata guda? Ga kuma miji a gida? Haba! A nan ba allura ake tuhuma ba, gwaji ake yi.

Masu cewa tana kashe ƙwan haihuwa kuwa, ba zan ɓata muku lokaci a kansu ba. Tun 2006 ake amfani da wannan allura. A Amurka an bi diddigin 'yan mata da mata kusan 200,000, aka fitar da sakamako a 2018. A Denmak aka sake da kusan miliyan ɗaya, aka fitar a 2021. Duka biyun ba su ga ƙarin haɗarin tsayawar ƙwai da wuri ba. Shi mai saƙon muryar, mutum nawa ya bincika?

Abin da ke raba mace da haihuwa da gaske shi ne cutar da ake yi wa rigakafin. Idan sankarar ta yi nisa, cire mahaifar ake yi ɗungurungum, ko a gasa wurin da haske mai ƙona ƙwai. A 2022 kaɗai mata kusan 660,000 ne suka kamu da sankarar a duniya, kusan 350,000 suka rasu. Nau'i biyu na ƙwayar cutar, 16 da 18, su ke da alhakin kusan kashi 70 cikin ɗari, kuma su allurar ta fi nufa. An bar jaki ana dukan taiki.

Saura tambayarki ta biyu, 'yar'uwa, wadda na san ita ta fi hana ki barci. Gaskiya ne ba a yi wa mai juna biyu wannan allura da gangan, ana jira sai ta sauka. Dalilin taka-tsantsan ne, domin ba a yi gwajin farko a kan masu ciki ba. Amma mata da yawa an yi musu ba su san suna da shi ba, kuma an bi su an gani. Binciken Denmak na 2017 bai ga ƙarin ɓari ba, bai ga ƙarin bakwaini ko nakasar jarirai ba. Saboda haka in ma ciki ne, babu abin da za ki sha, babu abin da za a wanke, kada wani ya ba ki wani haɗi da sunan gyara. Ki faɗa wa ma'aikaciyar lafiya ranar da aka yi miki, in da sauran allura a ɗaga ta sai bayan haihuwa, ki fara zuwa awo.

Gobe da asuba ki yi gwajin ciki da fitsarin farko, shi ya fi kauri. Layi biyu a tsinken gwaji, ciki ne. Layi ɗaya, ki ƙara sati guda ki maimaita. Idan wata uku suka wuce ba jini ba ciki, ki ga likita. Idan kuwa kika ji ciwo mai tsanani a gefe guda na mara, ga ɗigon jini, ga jiri, kada ki jira gari ya waye, domin ciki kan zauna a wajen mahaifa, kuma wannan aikin gaggawa ne. Ki tafi asibiti a daren.